Sanarwar da Ta Riga Ɓarayi Zuwa

Shekara goma sha tara Auta ya yi yana sanar da mutuwar mutane a wani ƙaramin gidan rediyo, kuma ba a taɓa jin harshensa ya yi tuntuɓe a kan sunan mamaci ba. Ɗakin da yake karatun bai fi shagon mai gyaran agogo ba: tebur ɗaya, makirufo mai soso wanda ya sha yawun ma'aikata ashirin, da fankar da ake kashewa da zarar jar fitila ta kama don kada ƙuginta ya shiga iska. Nan yake zama, gumi na bin ƙeyarsa, ya sauke murya can ƙasan maƙoshi ya ce an yi rashi. Mata kan ce idan Auta ya karanta rasuwar mutum, ko marinka mamacin ya taɓa yi sai ka ji ka yafe masa.

Abin da masu sauraro ba su sani ba shi ne aljihun teburinsa na ƙasa. A ciki akwai wani fayil mai ruwan ƙasa, cike da sanarwar rasuwar mutanen da ba su riga sun rasu ba. Duk wani babban mutum da aka fara jin yana tari a taro, ko aka ga ya soma jan ƙafa, Auta zai zauna ya tsara masa tasa, ya zaɓo kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya bar gurbin rana da wata. Shi a wurinsa wannan ƙwarewa ce. Rubutu ba ya zuwar masa da sauri, kuma ba ya son ranar da za a buƙaci aikinsa a same shi yana kame-kame. Idan ya haɗu da ɗaya daga cikin mutanen fayil ɗin a hanya, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi, ya tambayi jiki da irin kulawar da ko likitan mutumin ba ya yi.

Sai aka sayar da gidan rediyon ga wani mai son kiɗa. Sabon mai gidan ya ce mutuwa tana korar masu talla. Auta ya fito da fayil ɗinsa a hammata, yana da shekara arba'in da huɗu, da mata, da 'ya'ya uku, da muryar da babu mai saye.

Wata tara ya yi a zaune, kuma a watannin nan Yaya ce ta riƙe gidansa. Ita ce babbarsu, ma'aikaciyar jinya da ta yi shekara talatin da uku a tsaye a kan marasa lafiya har gwiwoyinta suka soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya masa ɗaure igiyar takalmi, kuma har yau, da furfura a gemunsa, idan ya shiga gidanta sai ta duba farcensa. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Ta dai iya ajiye buhun abinci a ƙofar mutum ta juya ba ta ce uffan ba, wanda ya fi gorin ciwo.

Aikin da ya samu daga ƙarshe a hawa na uku ne na wani bene, saman shagon masu sayar da tayil. Kamfanin kirifto ne, wato kuɗin nan da ba a taɓa su da hannu, sai dai a kalle su a waya a yi murmushi. Samarin kamfanin sun ƙirƙiro nasu kuɗin da suke kira tokin, jama'a na saye da kuɗin gaske, ana tara abin a wata taska ta intanet da aka ce makullinta uku ne a hannun mutum uku, ba ta buɗuwa sai duk sun yarda. Biyu daga cikin mutum ukun Auta bai taɓa sa su a ido ba. Na ukun shi ne Shugaba, saurayi ɗan shekara ashirin da tara, mai zuwa ofis da silifas da agogon da ya fi motar Auta tsada, lokacin da Auta yake da mota.

Bangon ofishin duk gilashi ne. Kujerun kamar buhunan auduga suke, idan Auta ya zauna sai an miƙa masa hannu yake iya tashi. A tsakiya akwai ƙaton talabijin da ba ya nuna komai sai wani koren layi na farashin tokin mai hawa sama, kuma duk wanda ya shigo da safe sai ya fara gaida layin kafin ya gaida mutane.

An ɗauki Auta ne saboda guruf, wato zauren hirar kamfanin na waya. Mutum dubu arba'in ne a ciki, duk masu tokin, duk masu firgita. Layin ya ɗan sunkuya, sai su cika waya da tambaya da zagi. Auta kuwa ya san yadda ake yi wa mai firgici magana. Ya rubuta: “Dukiyarku tana cikin aminci.” Ya rubuta: “Wanda ya sayar yau, gobe da cizon yatsa zai karya kumallo.” Wani lokaci ya naɗi murya ya tura, mutum dubu arba'in su yi lamo kamar an shafa musu baya. Bai san yadda taskar take aiki ba, bai kuma ga dalilin da zai sani ba. Shekara goma sha tara yana sanar da mutuwa, ko sau ɗaya bai taɓa tambayar me ya kashe mutum ba.

Watansa huɗu a kamfanin, Yaya ta yi ritaya, aka ba ta kuɗin sallama. Ran nan ta miƙa masa wayarta ta ce, “Wannan abin naku, sa min.”

Ya hana ta, da irin hanawar da ake yi wa baƙo idan ya ce zai wanke kwano. Yaya ba koren layi ta yarda da shi ba. So take idan an tambaye ta ina ƙaninta yake aiki ta faɗa kanta a ɗage. Mace mai hankali ba ta zuba kuɗin tsufanta a wurin banza, saboda haka idan ta zuba, wurin ya tashi daga banza. Ta zuba duka. Abokan aikinta uku, waɗanda suka saba tun suna 'yan mata duk allurar da ta ce a yi ita ake yi, su ma suka bi ta.

Wata Litinin da hantsi Shugaba ya kira shi ɗakin gilashi ya rufe ƙofa.

“Kawu, an ce min a rediyo kana rubuta wa mutum ta'aziyya tun yana yawo da ƙafarsa.”

“Shiri ne kawai, ranka ya daɗe. Ba fata ba ne.”

“To irin shirin nan nake so. Ka san masu kutse sun yi yawa. Jiya nan, shekaranjiya can. Duk kamfanin da ya san abin da yake yi yana da sanarwa a ajiye, ko da tsautsayi. Ka rubuto mana ɗaya. Mai taɓa zuciya, Kawu. Kar ka yi mana ta lauyoyi.”

Auta ya fito yana jin kansa kamar tsohon dokin da aka sake ɗaura wa sirdi. Wata goma yana rubuta “ku kwantar da hankalinku”, yau an ba shi aikin gaske. Ya wuni a kai. Ya kasa cin abincin rana. Matarsa ta yi masa magana sau uku a kan famfon banɗaki da yake ɗiga, ya amsa mata da “jama'armu masu daraja”.

Ran Talata ya kai. Shugaba ya karanta yana gyaɗa kai, sannan ya zaro jan biro.

Inda Auta ya rubuta “wasu ɓata-gari sun yi yunƙurin kutse”, Shugaba ya soke “yunƙurin”. Inda ya rubuta “wani ɓangare na taskar”, aka mayar da shi “kusan dukkan abin da ke taskar”. A ƙasa ya ƙara layi guda da hannunsa: an shigo ne ta kwamfutar wani ma'aikaci da ya buɗe takardar bogi da aka aiko masa. Ya ja ɗan gajeren layi a wurin sunan ma'aikacin, ya bar shi fili. Sai ya koma sama, gurbin ranar da Auta ya bari kamar yadda ya saba, ya cike: “da safiyar Alhamis”.

Auta ya daɗe yana kallon takardar.

“Ranka ya daɗe, wace Alhamis ɗin?”

“Misali ne, Kawu. In Alhamis ta yi maka nauyi ka sa Laraba.”

Bai sa Laraba ba. Ya gwada a bakinsa a hanyar komawa tebur, ya ji “da safiyar Alhamis” ta fi zama a kunne.

Shi dai ba yaro ba ne. Ya rubuta wa mutum sittin sanarwa kafin lokacinsu, amma ko sau ɗaya iyalan mutum ba su taɓa zuwa sun gaya masa ranar ba. Ya zauna. Sau biyu ya ɗauki waya zai kira Yaya, sau biyu ya ajiye. Layin nan da aka bari fili yana kallonsa, kuma tsawonsa ya isa ɗaukar sunan kowa a ofishin.

Da la'asar ya lallaɓa wurin Injiniya, wani siririn saurayi da ke kula da kwamfutocin kamfanin, wanda kullum kunnensa a toshe yake da abin jin kiɗa. Ya taɓa kafaɗarsa.

“Ɗana, tambaya gare ni, ta ilimi kawai. Idan mutum ya cire abinsa daga taska, ana ganewa?”

Injiniya ya zare abin kunne ɗaya. “Kawu, a harkar nan ko tari ka yi a rubuce yake har abada. Wa zai cire?”

“Babu kowa. Misali ne.”

“In Yayarka ce, ai da lambarka ta gayyata ta shigo. Asusunta a ɗaure yake da naka kamar akuya da turke.” Ya yi hamma. “Yau kowa da misali. Shugaba ma ɗazu ya turo min wata takarda, wai in buɗe a kwamfutar aiki in ga ko tana buɗuwa. Ta buɗu, babu komai a ciki. Manya da ɓata wa mutum lokaci.”

Ya mayar da abin kunnensa. Auta ya tsaya a kansa yana kallon siririyar ƙeyar nan, ya ji wani sanyin tsira ya sauko masa tun daga wuya har ƙafa. Ashe gurbin yana da mai shi. Ya kamata ya ji tausayi, kuma ya ji, daga baya, a cikin motar haya, bayan sanyin ya gama ratsa shi. Ya kuma fahimci ɗaya abin: gurbi ne, da biro aka ja shi. Idan asusun da ke ɗaure da nasa ya kwashe kayansa ana gobe sata, mai biro zai iya sake shawara.

Laraba ce ranar da yake zuwa gidan Yaya awon jini. Ita ta kafa dokar tun da ya cika arba'in. Falonta ƙarami ne, kujera uku da labule mai furanni, da kabad ɗin gilashi cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Ta zaunar da shi, ta naɗe masa hannun riga da kanta, ta ɗaura abin awo tana matsawa.

“Ka daina motsi. Kai ko allura ba a yi maka ba kake wannan zufa?”

“Rana ce, Yaya.”

“Rana a falona?” Ta kalli agogon awon, ta kalle shi ta saman tabarau. “Ya hau. Me ka ci? Ko matarka ce ta sake gano inda kake ɓoye soyayyen nama?”

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta kwance abin, tana naɗewa tana ba shi labari. Jiya ta wuce ta gaban asibitin, ta ga sababbin yara da fararen kaya suna gudu da tire, ta tsaya ta yi musu addu'a, ta ce ita kam ta gama. Ta ce a rayuwarta ba za ta sake tsayuwar awa goma sha biyu ba ko da gwiwar ƙarfe aka sa mata. Ta ce ƙawayenta uku kullum sai sun kira ta, wai ta gaida musu ƙaninta mai murya.

“Yaya,” ya ce, “da za ki ɗan cire wani abu ki ajiye a gefe.”

“In cire? Ba kai ka ce wanda ya sayar yau da cizon yatsa zai karya kumallo ba? Ni haƙorana ba su da ƙarfin cizo.”

“Ai magana ce ta aiki.”

Ta daina naɗe abin awon. Shekara talatin da uku tana tambayar mutane ko sun sha maganinsu, ta san fuskar mai shirin yin ƙarya tun kafin ya buɗe baki. Ta zauna a hannun kujerar, ta sa tafinta a kan gwiwarsa.

“Auta. Akwai abin da ka sani ne?”

Fankar sama tana juyawa. A waje wani yana ta danna hon. Wayarsa tana aljihun gaban rigarsa, da sanarwar a ciki, an gyara an goge, saura aikawa.

“A'a,” ya ce. “Babu komai. Na ga dai kowa yana ajiye na gefe ne.”

Ta ɗan ƙara kallonsa, sannan ta buga gwiwar tasa ta tashi. “To rage gishiri.”

Idan aka tambaye shi dalili, zai ce amana ce, ba a fitar da sirrin wurin aiki. Wannan amsar ta kai shi bakin titi. Daga nan zuwa tasha ya koma ga ta biyu, wadda ta fi gaskiya: yana da 'ya'ya uku, kuma gurbin nan da biro aka ja shi. Ta ukun ba ta fito ba sai da ya samu kujerar taga a mota, ya ga hannunsa ya zaro wayar da kansa ya buɗe sanarwar, a karo na wajen ashirin. Akwai wata jimla a sakin layi na biyu: “Ba dukiya kaɗai aka ɗauke mana ba, an shiga ɗakin da muka ajiye yardarku.” Kwana biyu ya yi yana sassaƙa ta. A duk fayil ɗinsa mai ruwan ƙasa babu kamarta, kuma rabin mutanen fayil ɗin har yau sun ƙi mutuwa, aikinsa yana can yana cin ƙura. Wannan kuwa mutum dubu arba'in za su karanta ta a sa'a ɗaya. Idan maganar ta fita yau, Yaya ta gaya wa ƙawayenta, ƙawayen suka gaya wa nasu, guruf ya rikice, sai a fasa. A fasa kuwa, jimlar ta mutu a aljihu.

Bai ce yana so a yi satar ba. Allah ya kiyaye. Ya dai cire wani waƙafi, ya mayar da shi, ya ga ya fi kyau a inda yake.

Ran Alhamis ya sa rigarsa mai kyau. Ƙarfe tara da minti huɗu koren layin ya karye ya faɗo tsaye kamar an yanke igiyar guga. Wata yarinya mai kula da talla ta yi salati. Shugaba ya fito daga ɗakin gilashi da hannu biyu a ka, silifas ƙafa ɗaya, yana cewa an kashe shi, an gama da shi. Wasan ya yi kyau ƙwarai, sai dai ya ɗan yi saurin fitowa, don ko Injiniya bai gama buɗe shafin taskar ba. Ya zagaya ofis sau biyu, ya tsaya a kan Auta, ya rage murya.

“Kawu, saki sanarwar.”

Tara da kwata ta fita.

Kafin azahar guruf ya zama gidan makoki. Masu zagi suna yi, masu kuka suna naɗo murya, wani ya turo hoton takardar asibitin matarsa ba tare da ya rubuta komai ba. Amma shafukan labarai sun ɗauki sanarwar, kuma jimlar nan ta sakin layi na biyu ita suka sa a sama da manyan baƙaƙe. Wani ya rubuta a ƙasa: “Ko ba komai sun fito sun yi magana kamar mutane.” Auta ya ɗauki hoton wannan ya ajiye. A ɗakin gilashi wasu masu bincike biyu masu kwat sun zaunar da Injiniya, kwamfutarsa a cikin leda a kan tebur, abin kunnensa a rataye a wuya, yana ta buɗe tafin hannu yana rufewa.

Ƙarfe uku saura kaɗan Yaya ta kira. “Ka zo,” ta ce, ta kashe.

Ya same ta a falo ta kafa teburin guga. A kai akwai farar rigar aikinta, wadda ta ce ta gama da ita, an farke ɗinkin gefe an ƙara mata faɗi. Ba ta ce ya zauna ba. Ya zauna.

“Na karanta,” ta ce, tana bin wuyan rigar da dutsen guga. “Ta yi kyau. Har na yi hawaye a wurin ɗakin nan da aka shiga. Kai ka rubuta ko?”

“Aikina ne, Yaya.”

“Na sani. Ƙarfe nawa aka yi satar?”

“Tara da minti huɗu.”

“Sanarwa fa?”

Ita ta ba kanta amsa.

“Tara da kwata. Na duba. Minti goma sha ɗaya.” Ta juya rigar. “Kai da ka kwana biyar kana rubuta wa makarantar ɗanka takardar ban haƙuri a kan tagar da ya fasa. Har ni ka kawo wa in ji ko ‘muna roƙo’ ta fi ‘muna fata’. Yau kuma ɓarayi ba su gama sa takalmi ba ka gama sakin layi biyar.”

“Yaya, ki bari in yi miki bayani.”

“Jiya da nake ɗaura maka abin awo, tana ina?”

“A waya.”

“Wayar tana ina?”

Ya taɓa aljihun ƙirjinsa. Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta buɗe yatsunta biyu, babba da manuni, ta auna tazarar a iska ta duba.

“Kamar haka kenan tsakaninta da hannuna.”

Sai bakinsa ya buɗe. Ya gaya mata jan biro, da gurbin suna, da asusunta da ke ɗaure da nasa. Ya ce da ta cire ko ƙwandala, yau shi ne a ɗakin gilashi da masu kwat. Ya ambaci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kamar ba ita ta yanke musu cibiya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ya faɗe shi da kyau. Jimlar sakin layi na biyu ce kaɗai bai ambata ba.

Ta saurare shi har ya ƙare.

“Wanda aka sa sunansa a gurbin, yana da uwa?”

“Ban sani ba.”

“Ba ka tambaya ba.” Ta zare filogin dutsen gugar. “To ji nan. Da jiya ka ce min, Yaya, ga abin da za a yi gobe, amma in kika taɓa kuɗin nan ni za a kama. Ka san abin da zan yi?”

Ta naɗe igiyar dutsen gugar, ta ci gaba.

“Da na bar shi a ciki. Wallahi da na bar shi, in kwana ina kallon silin, da safe a kwashe. Da na san ni na ba ka. Na ba ka abin da ya fi wannan tun ba ka san sunanka ba.” Muryarta ba ta tashi ba, irin wadda take gaya wa dangin mara lafiya su fita waje ce. “Amma ka dube ni ka ce babu komai. Na ce ka rage gishiri.”

Ta ɗaga rigar ta duba ta a hasken taga. Akwai wani asibitin kuɗi a bayan tasha, ta ce, suna neman tsofaffin hannu, ba sa tambayar shekaru in dai mutum zai iya tsayuwa. Gobe za ta je.

“Bari in rubuta miki takardar neman aikin,” ya ce da sauri. Shi ne abin da yake da shi, kuma da zuciya ɗaya ya miƙa.

“A'a.”

“Yaya, minti kaɗan ne.”

“Na ga alama. A'a.”

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Muryoyin mata uku, ɗaya tana kiran Yaya da sunan da suke kiranta tun suna makarantar jinya, muryar a dushe kamar ta wuni tana kuka. Yaya ta rataye rigar a bayan ƙofar ɗaki, ta gyara ɗankwalinta.

“Bi ta baya,” ta ce.

“In tsaya in yi musu bayani mana.”

“Matan nan suna da kirki. In sun gan ka za su gaishe ka, su tambayi iyali. Ni kuwa ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Bi ta baya, ka ja min ƙofar.”

Ya bi ta kicin, ya wuce bokitai da igiyar shanya, ya fita lungun da ake zubar da ruwan wanki. Ya ja ƙofar a hankali har ta kama. Ta cikin bango yana jin an fara magana, muryar Yaya ce a sama, tana cewa su zauna tukuna, su zauna, ita ce ta kawo su.

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon Shugaba ne: ana buƙatar sanarwa ta biyu kafin safiya, a kan shirin mayar wa jama'a dukiyarsu. Kada a sa rana, kada a sa adadi. Mai taɓa zuciya, Kawu.

Auta ya tsallake kwatar, ya tsaya ya goge gefen takalminsa da wata takarda. Kafin ya kai bakin titi jimlar farko ta riga ta zo masa. Tana da kyau kuwa.